Awa Biyun da Na Ƙwace wa Malam Bitrus

Shekara tara ke nan a wannan watan da rasuwar Malam Bitrus, kuma ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Ba mantuwa ce ta hana ni ba. Akwai wata magana tsakanina da shi da na daɗe ina jin nauyin faɗa, sai yanzu da na yi ritaya na ga babu amfanin ci gaba da riƙe ta.

Shekara goma sha huɗu muka yi muna koyarwa tare a wata sakandare da ke bayan Tunga. Ni jikan ɗan kasuwa ne da jirgin ƙasa ya kawo Minna. Shi kuwa ɗan manoma ne daga wani ƙauye a gefen Wushishi, Kirista, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa. Lissafi aka ɗauke shi ya koyar, amma da malamin kiɗa ya bar aiki ba a turo wani ba, sai ya ce a ba shi, don tun yana ƙarami yake kaɗa ganga a majami'a. A wurinsa darussan biyu ba su da nisa da juna. Na sha leƙa ajinsa in tarar yara suna tafi, yana raba musu bugu ɗaya gida biyu, gida huɗu, gida takwas. Washegari idan ya rubuta rabi da kwata a allo, yaran da suka fi kowa tsoron lissafi su ne ke fara ɗaga hannu. Kullum lokacin tara tare muke cin masa a ƙarƙashin mangwaron bayan ofis.

Shekarar da aka ba ni muƙamin mataimakin shugaban makaranta, sakamakon lissafi ya faɗi ƙwarai. Masu duba makarantu suka zo suka yi faɗa, aka ce a ƙara wa lissafi lokaci. Ni ke tsara jadawalin darussa. Na duba na duba, na cire awa biyun kiɗa na mako na mayar da su lissafi. Ban shawarce shi ba. A jikin allon sanarwa ya gani, kamar kowa.

Ya same ni a ofis, ya tsaya bai zauna ba.

"Malam Sani, da ka faɗa mini kafin ka liƙa," in ji shi.

Na ce, "Umurni ne daga sama, Malam Bitrus. Ba yadda zan yi."

Ya ɗan dube ni, ya ce, "To, Allah ya taimaka." Ya fita.

Abin da na faɗa masa ba gaskiya ba ne. An ce a ƙara lissafi, amma babu wanda ya zaɓar mini darasin da zan cire. Na zaɓi nasa ne don na san ba zai yi rigima ba.

Bai yi ba kuwa. Ya karɓi ƙarin lissafin ya koyar da zuciya ɗaya, sakamako ya gyaru, ni aka yaba wa. Kiɗan kuma ya mayar da shi ranar Alhamis bayan an tashi, ga duk mai so, da tsohuwar jitarsa da sarewa uku. Muna gaisawa, muna tambayar iyali, sai dai masar nan ba mu ƙara cin ta tare ba.

Bayan shekara biyu ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Sau biyu na je duba shi a asibiti. A zuwa na biyu matarsa, Maman Rahila, ta fita ta bar mu mu kaɗai. Na buɗe baki da niyyar neman gafara, sai na ji kaina ina tambayarsa ko yana iya cin abinci. A farkon daminar shekarar ya rasu.

Yanzu idan Keke Napep ya bi da ni ta gaban makarantar, nakan tambayi kaina abin da zai ce. Ɗakin da yake ajiye ganguna ya zama ɗakin kwamfuta, inda yara ke gwajin jarrabawa. Jikokina a waya suke haɗa kiɗa, ba su taɓa riƙe sarewa ba. Ba na jin zai yi musu faɗa. Zama zai yi kusa da su ya ce su nuna masa, ya saurara, sannan ya tambaye su bugu nawa suka ji. Abin da zai dame shi, a ganina, shi ne yadda kowane yaro ke sauraro shi kaɗai, kunnuwa a toshe.

Watan jiya na je Shango wurin Maman Rahila na faɗa mata komai. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ai ya sani, Malam. Shugaban makaranta ya gaya masa tun a makon. Ba zan ɓoye maka ba, ya ji zafi. Ya yi ta jira ka yi magana."

Ta shiga ɗaki ta fito da littattafan rubutu huɗu ɗaure da igiya. Ashe shekara da shekaru yana sa ɗalibai su karɓo waƙoƙin daka da na noma da na reno daga wurin kakanninsu, na Gwari da na Nufawa da na Hausa, yana rubuta kowace da muryarta da sunan tsohuwar da ta rera. Ta ce 'ya'yansu babu wanda ya bi wannan hanya, in tafi da su ko zan san inda za su yi amfani.

Ɗalibansa suna nan, wasu injiniyoyi, wasu malamai, wasu 'yan kasuwa, kuma duk wanda na haɗu da shi da alheri yake ambatonsa. Gafarar da ban nema ba kuwa ta wuce ni, sai dai in bar wa Allah. Littattafan suna kan teburina. Kalmomin Hausar nakan karanta, amma alamomin kiɗan da ya jera a samansu ban iya ko ɗaya ba. Yawancin tsofaffin da suka rera sun rasu. Ina neman wanda ya iya karantawa, ya zo ya rera mini ko da guda ɗaya in ji.