Malam Badamasi Mai Fiba da Kwalekwalen Marwan

Da an sallame asuba a masallacin layinsu a Jarwal, Malam Badamasi zai kurɓi shayinsa a tsaye, ya ɗauki bokitinsa mai burushi da samfefa da gwangwanin ƙaro, ya nufi benen da aka kira shi. Shekara talatin da takwas ke nan yana hawa rufin gidajen Makka yana gyaran tankunan ruwa na fiba, wato zaren gilas da ake daskarar da shi da ƙaro. Daga Birnin Konni ya zo aikin Hajji yana saurayi, ya zauna. Masu gidaje da yawa ba su san sunansa ba, sai dai su ce a kira mai fiba. Amma Hajiya Kabira, mai gidan saukar alhazai, ta shaida cewa tankin da ya liƙe mata shekara goma sha biyu da suka wuce har yau bai ɗiga ba.

Wanda ya fi kowa ba da labarinsa shi ne Marwan, malamin makaranta haifaffen Makka, jikan Kanawa. Shekara uku Marwan ya yi yana ƙera kwalekwale mai tafiya da iska a tsakar gidansa, da katako da fiba da ƙaron efoksi. Da ya gama sai ya so kwalekwalen ya yi fari fat yana ƙyalli, irin jiragen da yake gani a Jidda. Ya samo wani ya fesa masa jelkot, farin rufin nan mai tauri da ake yi wa kayan fiba. Ya kira Malam Badamasi don ya goge masa kawai, domin ranar Juma'a zai ɗauki matarsa Tahani da 'ya'yansu mata biyu su shiga teku a Shu'aiba.

Tsohon ya zagaya kwalekwalen sau biyu.

"Ɗana, me ke ƙarƙashin farin nan?"

"Efoksi ne, ya Ammi," in ji Marwan, wato baffa da Larabci. "Mai kyau."

"Ka wanke shi kafin a fesa?"

Marwan ya girgiza kai. Malam Badamasi ya zaro 'yar wuƙa, ya sa bakinta a gefe, ya ɗaga. Farin ya taso kamar ɓawon dafaffen ƙwai, faɗin tafin hannu. Ya sake sawa, wani ya biyo. Marwan ya tsaya baki buɗe yana kallon ƙyallin da ya kwana biyu yana nuna wa maƙwabta yana zubewa a ƙasa.

"Jelkot ba ya son zama a kan efoksi," in ji tsohon. "Efoksi in ya bushe yana fitar da maiƙo. Fenti ya kamata ka sa, shi ma bayan wanki da gurza."

Sannan ya durƙusa ya bi cikin kwalekwalen yana ƙwanƙwasawa da gindin wuƙa. Kusa da inda sandar yadin kama iska ke tsayawa, ƙarar ta sauya. Ya kankare wurin, ya danna da babban yatsa, yatsan ya nutse. Fibar wurin ba ta sha ƙaro ba, a bushe take kamar audugar katifa, farin rufin ne ya ɓoye ta.

"Nan ruwa zai fara shiga, da iska ta ja sandar."

Marwan ya zauna a ƙasa. Tahani tana bakin ƙofa da rigunan ceto na yaran a hannunta, ta dubi ramin, ta dubi mijinta, ta koma ciki. Ƙaramar 'yar tasu shekararta huɗu, kuma a daidai wurin aka ce za ta zauna.

Kai ne, Malam Badamasi, wanda aka kira aikin yini ɗaya, ka yi kwana goma sha tara. Kai ka kankare jelkot ɗin nan kaf da hannunka a zafin Makka, ka yanke ruɓaɓɓen wurin ka sake shimfiɗa fiba hawa huɗu. Ka wanke, ka gurza, ka shafa fentin shimfiɗa na farko, ka bi da fentin jirgin ruwa shafi uku, kana jiran kowane shafi ya bushe. Da Marwan ya yi ƙorafin bai kai na da ƙyalli ba, ka ce masa ƙyallin da ya gani a baya ai ya ga abin da ke ƙarƙashinsa.

Ranar da za a kai kwalekwalen teku, Marwan ya buɗe masa ƙofar mota.

"Tafaddal, bismillah, ya Ammi. Kai za ka fara shiga."

Tsohon ya yi murmushi. "Ku je lafiya. Akwai shingen bincike a hanya, ni kuwa ba ni da takardar izinin zama. Ban taɓa ganin tekun nan ba sai ta tagar jirgin da ya kawo ni."

Marwan ya tsaya riƙe da ƙofar. Tafiyar awa ɗaya ce daga Makka, kuma bai taɓa tunanin tambayarsa ko yana da takarda ba.

Da suka dawo, Marwan ya nuna masa bidiyo a waya: kwalekwalen yana yanka ruwa, yaran suna ɗaga hannu. Malam Badamasi ya kusanto da wayar ga idanunsa, ya kalla har sau uku. Ya ce gefen hagu yana son ƙarin shafi ɗaya.

Yanzu ƙirjinsa ya gaji da warin ƙaro, ya ajiye bokiti, yana shirin komawa Konni wurin 'yan'uwansa. Mun gode, Malam, mai hannun gaskiya. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya, ya kai ka gida cikin aminci. Mu kuma da muka rage, kowa da sana'ar da ke hannunsa, idan aka kawo mana aiki don mu goge samansa, mu duba cikinsa, mu faɗi abin da muka gani ko da mai shi ba zai ji daɗi ba.