Ranar da Akwatin Inna Ya Yi Shiru

Da likita ya ɗora Inna a kan allurar ciwon suga, sai na kafa mata sola da ɗan ƙaramin firji, tunda maganin ba ya son zafi. Tana Toranke, ni ina aiki a Gaya. Ba wata tafiya ba ce a babur, amma ni a lokacin so nake duniya ta san na karanta kwamfuta.

Na jona wani ɗan akwati mai layin waya a soket ɗaya da firjin, na zauna rubuta manhajar da za ta riƙa yi masa sallama daga ofis. In ya amsa, akwai wuta ke nan, magani yana cikin sanyi. Kowace kwamfuta tana zuwa da irin wannan manhaja, amma girman kai ya ce sai na ƙera tawa tun daga tushe, da yaren rubuta manhaja da ake kira C. Ni zan harhaɗa saƙon da hannuna, ni zan yi lissafin da ke nuna bai lalace a hanya ba. Na ci wuya. Ranar da ta fara aiki kuwa, amsa ta riƙa dawowa nan take, har na tara abokan aiki su zo su ga ikon Allah. Sai da suka watse na lura adireshin kwamfutata na saka. Ashe ni nake yi wa kaina sallama, ni nake amsawa.

Na gyara ban gaya wa kowa ba. Daga nan kullum da safe akwati ya amsa, in ce alhamdu lillahi, Inna tana lafiya. Zuwan da nake yi duk Juma'a ya koma sai an ga dama. Ina ma yi wa mutane alfahari cewa daga kan kujerata nake kula da mahaifiyata.

Wata Laraba akwati ya yi shiru. Na sake aikawa, shiru. Na kira wayarta, ba ta shiga. Na hau babur ko kwamfutar ban kashe ba, ina tafe ina ganin magani ya lalace, ina ganinta a kwance.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Firji yana ta aikinsa. Akwatina yana kan taga, an naɗe masa wayarsa tsaf.

"Inna, wa ya zare wannan?"

"Ni ce," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ƙanwarka ta ce shi kake tambaya lafiyata kullum. Na ce to bari ya yi shiru, in ga wa za ka tambaya."

Na buɗe baki zan fara bayanin wuta da soket. Sai ta ɗan ja gefen zaninta. Ƙafarta ta kumbura suntum, an ɗaure babban yatsan da tsumma.

"Wannan fa," ta ce, "ya gaya maka?"