Ranar Da Na Riƙe Hannun Babana

Har yau in na ji an busa usur sai raina ya ɓaci, ko da na 'yan ƙwallo ne. Jikokina dariya suke yi, wai rigimar tsufa ce. To ba tsufa ba ne. A kan usur muka rasa rumbu uku na gero a Potiskum zamanin Turawa, kuma da hannuna aka yi.

Lokacin nan unguwarmu duk jinka ce da zana. Gidan kwano sai na 'yan kasuwar da suka zo daga Kano, su ma da yatsu za ka ƙirga su. In bazara ta kankama, ciyawar kan ɗaki ta bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya isa. Rijiyoyinmu kuwa zurfi gare su, kafin ka jawo guga biyu ɗaki ya zama toka. Saboda haka mu ba da ruwa muke kashe gobara ba, da ƙugiya muke kashe ta.

Babana ne mai ƙugiyar. Doguwar gora ce da lanƙwasasshen ƙarfe a kanta, kullum tana jingine a zaurenmu. Da an yi kururuwar gobara, shi ba ya ruga wajen wuta kamar sauran jama'a. Tsayawa yake ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ya ga inda iska ta nufa. Sai ya sha gaban wutar da ɗaki biyu ko uku, ya saƙala ƙugiya a ƙoƙuwar jinka, samari su kama su ja, jinka ta faɗo, a janye ta nesa, a kwantar da zana. Wuta ta iso ta tarar ba abin ci, ta mutu a nan. Wanda aka sauke wa jinka ba ya fushi, don ya san washegari unguwa za ta yi gayya ta mayar masa. Ba wanda ya naɗa Baba, ba wanda yake biyansa. Jama'a dai sun ga idonsa ba ya kuskure, suka bar masa.

Ana nan sai aka kawo kurar kashe gobara, irin wadda ake turawa da hannu, a bayan babbar mota. Kai, ranar nan gari ya fito kallo! Ja ce jawur, ƙafa huɗu, da tankin ruwa, da hannaye biyu da ake dannawa sama da ƙasa, da doguwar mesa mai bakin tagulla. Aka ɗauki samari shida aikin kwana-kwana, har da ni. Ina da mata da ɗa ɗaya a lokacin, ba yaro ba ne ni, kada wani ya nema mini uzuri. Aka ba mu kaki da ɗamara. Wallahi na so kakin nan. In na bi ta kasuwa har tafiyata sauyawa take yi.

Aka ɗora mana shugaba, wani tsohon soja da kowa ke kira Saje. Girman kai rawanin tsiya! Mutumin nan bai taɓa kashe wutar murhu ba a garin nan, amma ranar farko ya tara masu unguwanni ya kafa doka. Daga yau ba mai sauke jinkar kowa, wai ɓarna ce da aikin duhun kai. Ba mai taɓa komai a wurin gobara sai ya busa usur. Wanda ya ƙi, ya kwana a ɗaure. Da na gaya wa Baba, sai ya dubi ƙugiyarsa ya ci gaba da tufkar igiya.

Aikinmu kullum safiya shi ne goge kura. Mu goge tagulla da toka da tsamiya har Saje ya ga gashin bakinsa a jiki. Mu yi fareti, hagu dama, hagu dama. Amma a ce a zuba ruwa a gwada famfon? Haram. Wai ruwa zai ɓata fenti, wai mesa za ta yi datti. Sau ɗaya tak aka gwada ta, ranar da ta zo.

A cikin famfon akwai wata fata zagayayya, ita ke riƙe iska har ruwa ya hau. Ni nake goge wajen, ni na fara ganin ta bushe ta tsage kamar faso. Na je na ƙame na ce, "Saje, fatar nan ta mutu. Akwai baduku a bakin kasuwa, yini ɗaya zai yanka mana wata, mu jiƙa ta da kitse."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Baduku? Kayan da aka yi a ƙasar Turawa za ka kai wa mai ɗinkin takalmi? Kai ne shugaba ko ni?"

Sau uku ina gaya masa. A na ukun ya sa ni tsallen kwaɗo a rana, ya ce in na ƙara, in ajiye kaki. Na koma kan goge tagulla.

Shekarar nan Allah ya ba Baba gero. Rumbu uku ya cika taf, a jere bayan zaure, jikin darnin kara. Mu goma sha ɗaya ke ci daga ciki, kuma irin da za a shuka da damina yana can a rumbun tsakiya. Inna takan ce bana kam ko baƙo ya shekara ba mu ji ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, zafi kamar ana gasa mutum. Wata mai ƙuli-ƙuli, gida uku gabas da namu, man suya ya kama da wuta a kaskonta, wuta ta lashi jinka. Muna rumfar kura muka hango hayaƙi, na kuma san unguwarmu ce. Na zabura zan kama kura, Saje ya daka mini tsawa. Sai da ya sa hula, ya gyara ɗamara, ya jera mu, ya duba maɓallan kowa, sannan ya busa. Muka fito da kura, tanki cike da ruwa, ƙafafunta suna nutsewa a rairayi. Mu tura, mu ɗaga, mu tura. Da a ce ba kura muka tafi, da tuni mun isa.

Muka iso gida biyu sun kama, iska tana kaɗo wutar yamma, wajen namu. Mata na salati, ana fid da yara da awaki. Baba ma isowarsa ke nan daga sharar gona, gumi sharkaf. Na gan shi ya ɗebi ƙasa ya sake. Bai ko tsaya ba, ya shiga zaure ya fito da ƙugiya, ya saƙala ta a jinkar zaurenmu. Namu fa, ba na wani ba! In zauren ya sauka aka kwantar da darni, wuta ba ta da hanyar zuwa rumbuna. Samarin unguwa suna tsaye cirko-cirko, kowa na tsoron doka. Jinka kuwa ba ta saukuwa da mutum ɗaya. Baba ya waiwayo ya gan ni.

"Zo ka kama mini," ya ce.

Ashe Baturen da ke kula da gari ya iso, yana tsaye can gindin wata bishiya da hular rana, ya zo ganin aikin kura. Saje ya gan shi. Shekara guda yana jiran ranar nan, sai wani tsoho da gora ya ƙwace masa ita? Ya busa usur har jijiyar wuyansa ta tashi, ya nuna ni da sanda.

"Kai! Riƙe tsohon nan! Riƙe shi na ce!"

Na riƙe shi. Ban san yadda zan faɗa ta fi haka daɗi ba. Na je na kama wuyan hannun mahaifina na dama, wanda ke riƙe da gorar, na danne. Hannun nan siriri ne, ban taɓa sanin ya rame haka ba. Da Hausa yake magana da mutanen gari, amma in abu ya kai masa wuya sai ya koma Bolanci, harshenmu na gado. Da Bolanci ya ce mini, a hankali, "Ɗakina ne. Sake ni."

Na ce, "Baba, yi haƙuri, yanzu za a ba ta ruwa."

Ni na faɗi haka. Ni da na san fatar nan ta mutu.

Saje ya busa na biyu, abokan aikina huɗu suka hau dannawa, ɗaya ya riƙe mesa ya auna wuta. Famfo ya yi fuu, fuu, yana tusar iska. Can sai ga ɗan ruwa ya tsarto, bai fi fitsarin akuya ba, ya zuba a kan takalmin mai riƙe da mesa. Saje na ihu, "Da ƙarfi! Ragwaye! Da ƙarfi!" Suka danna har ɗaya ya faɗi. Ba ruwa. Jama'a suka fara zagi, wata tsohuwa ta jefi kurar da tulu.

Ni kuwa ina nan riƙe da hannun Baba, ina kallon mesa kamar wawa, ina jiran abin da na san ba zai zo ba. Iska ta ɗauko wani guntun ciyawa mai ci, ta aza shi a kan zaurenmu. Kafin ka ce kwabo jinka ta kama, ta ba darni, darni ya ba rumbun farko. Sai a lokacin na sake shi. Ihu bayan hari.

Baba bai dube ni ba, bai dubi rumbunan ba. Ya zare ƙugiyarsa, bakin gorar har ya fara ci, ya tsallake gida biyu ya saƙala ta a ɗakin maƙwabcinmu. Wannan karon samari ba su dubi Saje ba, suka yi caa suka kama. Ɗaki huɗu aka sauke. A nan wutar ta tsaya, sauran unguwa ta tsira. Saje yana ta busa usur, ba mai ko waiwayarsa.

Wanda bai taɓa ganin rumbun gero ya ƙone ba bai san gobara ba. Ɗaki minti kaɗan ne ya gama. Gero kuwa cin ciki yake yi, kwana uku yana hayaƙi, ƙaurinsa ya shiga riga ya shiga maƙogwaro. Mutane na zuwa jaje, Allah ya mayar da alheri, Allah ya tsayar nan. 'Yan'uwa daga Fika suka aiko da damin da ya sawwaƙa, Allah ya saka musu, amma ina zai kai baki goma sha ɗaya?

Saje fa? Cewa ya yi jama'a ne suka yi cunkoso suka hana aiki, kuma zafin ƙasar nan ne ya lalata kayan Turawa. A makon nan ya aika a kira badukun nan na bakin kasuwa, shi dai wanda na faɗa, ya yanka sabuwar fata, aka jiƙa ta da kitse, famfo ya riƙa feso ruwa har kan bishiya. Aka yi bikin gwaji, aka tafa masa. Ya daɗe a kan kujerarsa, har ƙarin igiya ya samu. Allah ya isa tsakanina da shi! Ya daɗe da rasuwa, na san ba kyau a bi mamaci da magana, amma ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ban iya ajiye kakin ba. Da me za a ci? Ɗan abin da nake samu a aikin nan shi ya koma riƙe gida. Washegarin gobara da sassafe ina can durƙushe ina goge tagulla da toka da tsamiya. Baba kuwa, mutumin da bai taɓa noma gonar wani ba, da damina ta faɗi sai da ya tafi Nangere ƙwadago, da furfurarsa.

A rana ta huɗu wutar ta mutu. Inna da matata suka tone tokar, suka tsince abin da bai zama gawayi ba, suka sheƙe, suka wanke, suka daka. Da hantsi Inna ta dama kunu da shi. Baƙi ne, ga ɗaci, ga ƙauri. Na dawo daga fareti na tarar da Baba zaune a kan tabarma a inda zaure yake a da, ƙwarya a gabansa, ƙugiya a gefensa. Tun ranar gobara bai yi mini magana ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa. Ya kurɓi kunun, ya haɗiye da ƙyar, sannan ya ɗago.

"Abu ɗaya zan tambaye ka," ya ce. "Lokacin da ka riƙe ni, ka san ba za ta ja ruwa ba?"

Da na ce ban sani ba, da ya yarda. Ba wanda zai ƙaryata ni, Saje ba zai taɓa faɗa ba. Na dubi wuyan hannunsa, shatin yatsuna yana nan bai baje ba.

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi. Sai ya turo mini ƙwaryar gabana.

"To sha," ya ce. "Kai ka dafa shi."

Na sha har ƙasa.