Moɗar Kofur Isiyaku

Zariya zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Tudun Wada, a shekarar 1998, da jaka ɗaya da moɗar da Baba ya bar mini wasiyya a kanta. Baba tsohon soja ne, ya yi yaƙin Boma. Wata rana wani jirgin yaƙin Japan ya faɗo kusa da sansaninsu, abokinsa Kofur Isiyaku ya yanko fallen fiffikensa ya ƙera moɗa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da Baba za a wuce da shi asibiti, Kofur ya miƙa masa ita ya ce, “Riƙe mini.” Ba su sake haɗuwa ba. Baba ya rasu yana cewa amana ce, a kai wa mai ita, an ce yana Madina. Kuma labari ya zo cewa tsohon yana kwance.

A filin jirgin Kano wani jami'i ya yi ta juya moɗar. “Alhaji, wannan tarkacen fa? Ba kofi a Saudiyya?” Na ce da shi in moɗar ba ta tafiya, ni ma ba na tafiya. Ya yi tsaki ya jefa mini. Awa huɗu da rabi muka sauka Jidda.

Hanyar Madina

Na shiga bas ƙarfe bakwai na safe, riyal hamsin, tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai. An tsare mu sau biyu a duba fasfo. Ni bakanike ne na ƙananan jirage, don haka hanya duka moɗar na yi ta dubawa. Na karanta tarihin wannan jirgi har matata ta ce in auri littafin. Inji ɗaya, bindiga biyu, jan da'ira a fiffike, Japanawa suka sa masa sunan shaho. Sun rage masa nauyi don ya juya da sauri, na farkonsu ko sulke babu a bayan matuƙi, harsashi kaɗan ke cinna masa wuta. Fallen da ke hannuna bai fi murfin gwangwani kauri ba. Na tausaya wa wanda ya zauna a cikinsa.

Madina

Na sauka a unguwar Ƙurban, wajen wani ɗan garinmu mai aikin haɗa magunguna. Aka kawo shinkafa da rago, na ci a tsaye. Ya ce, “Ka huta mana, gobe ma rana ce.” Na ce Baba ma haka ya yi ta faɗa shekara hamsin.

Bayan la'asar muka shiga unguwar Harra ta Gabas, lungu cikin lungu, baƙaƙen duwatsu ko'ina. Gida uku muka ƙwanƙwasa a banza, kowa na da nasa Isiyakun. A na huɗu wata dattijuwa ta amsa daga bayan ƙofa. “Abuya ne. Ta'aban yake, wallah, ba ya gani. Tafaddalu.” Wato mahaifinta ne, ba shi da lafiya, mu shigo.

Muka tarar da Kofur a kwance, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan Baba, na sa masa moɗar a hannu. Ya bi gefenta da yatsa yana ƙirga ramukan ƙusa, bakwai, ya tsaya.

“Saje Audu yana nan?”

“Ya rasu bara, Baba. Ya ce a maido maka da amanarka.”

Sai tsohon ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. “Ai kyauta na ba shi. Ubanka saje ne, ni kofur. Ba ya karɓar ko goro daga na ƙasa da shi. In ban ce riƙe mini ba, da me zai sha magani?”

Na ji haushin Baba, na kuma ji kewarsa, duk a lokaci guda. 'Yarsa ta zuba zamzam a moɗar, tsohon ya sha, ya yi wa Baba addu'a. Da na miƙe zan tafi ya lalubo hannuna ya danƙa mini ita.

“Kai ma ɗan saje ne. Riƙe mini.”

Gida

Bayan kwana tara, na yi umara, na iso Zariya da azahar. Na gode wa Allah, na gode wa mai masaukina da ya jure gaggawata. Na tarar da saƙo ya riga ni zuwa: an binne Kofur a Baƙi'a. Moɗar tana kan randarmu, da ita muke shan ruwa.