Ruwan da Ya Zo a Rediyo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labarai a gidan rediyon gwamnati, ban taɓa jin kunyar aikin ba sai ranar da aka ƙaddamar da rijiyar burtsatse a unguwarmu, can bayan Ƙofar Dumi.

Da idona na ga yadda aka yi. Da sassafe motar ruwa ta zo ta cika tankin da ke sama. Da hantsi manya suka iso da jiniya, aka murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka tafa, aka ɗauki hoto. Kafin la'asar famfon ba ya fitar da komai sai iska. Da yamma aka miƙo mini takarda, na gyara murya na shaida wa duniya cewa wahalar ruwa ta ƙare a unguwarmu.

Haka gidan yake. Mai biyan albashi da sayen man janareta shi ke da labarin farko da na biyu da na ƙarshe. 'Yan adawa kuwa ba a jin ɗuriyarsu sai ranar da suka sauya sheƙa. Mun saba, har ba sai an gaya mana ba.

Na koma gida na tarar da Inna, mahaifiyata, zaune gaban jarkoki babu ko ɗigo. Ashe da ta ji muryata sai ta aika wa maƙwabta cewa su koma famfo, an gyara, ai ɗanta ne ya faɗa. Matan suka je, suka dawo da bokitai a bushe, suna yi mata dariya.

"Kai ka faɗa, ko sa ka aka yi?" in ji ta.

"Inna, takarda aka ba ni."

"Takardar ce ta sha nonona?"

Ta ɗauki rediyonta ta tura ƙarƙashin gado. Matar da ko salla ta idar sai ta laluba tasharmu, ta daina jin muryata. Wallahi abin ya ci ni, ya fi mini mari zafi.

Bayan wata biyu aka kawo jerin ayyukan gwamnati, ga rijiyarmu a layi na uku. Na ɗauki takardar na shiga ofishin shugaban sashen labarai.

"Ranka ya daɗe, wannan layin ba zan karanta ba."

"Kai ka fi gwamnati sanin inda ruwa yake?"

"A unguwarmu dai na fi ta. Ni nake ɗaukar jarka."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

"Na yi askin shekara goma sha ɗaya, ranka ya daɗe. Askar ta dakushe."

Wani aka ba ya karanta, da murya mai daɗi kuwa. Ni kuma washegari aka mayar da ni teburin sanarwar rasuwa, inda ake jefa wanda ake so ya gaji ya tafi. Abokan aiki suna ta zuwa yi mini jaje a ɓoye, kamar an yi mini gobara. Ban gaji ba, ban tafi ba, kuma har gobe ba zan ba kowa haƙuri ba.

Rediyon Inna ya fito daga ƙarƙashin gado. Yanzu duk wanda na ce ya rasu, to ya rasu. Da ta ji sunan unguwa daga bakina, sai ta yafa mayafinta ta tafi ta'aziyya, ba ta tsayawa tambayar kowa.