Ranar Da Ruwa Ya Bi Ta Ƙarƙashinmu

Komai zan manta na zamana a Riyad ta Saudiyya, ban da ranar da ruwa ya cika kwarin Utaiƙa. A shekarun 1980 ne, ina birkila a wani kamfani da ya samu aikin gina gidaje a bakin teku. Kafin a tafi can, aka ce mu gina ɗaya na gwaji a filinmu da ke gefen kwarin. Injiniyanmu Bahaushe ne, ya daɗe yana aiki a Legas.

Ginshiƙan kankare ya sa muka kafa, sun fi tsayin mutum, muka ɗora ɗakuna a kai. Ƙasa fayau, babu bango, wayoyin lantarki duk a sama. Na ce masa, "Injiniya, gida muke ginawa ko rumbu?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai dai ɗaura rodi." Gaskiya a lokacin ɓarnar siminti na ɗauke shi.

Wata rana bayan azahar hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Muna murna muna jiƙa kawunanmu, don ba kasafai ake ruwa a can ba, sai muka ji rugugi daga kwari. Wani direba ya rugo yana ihu, "Yalla, yalla! Ku yi maza! Ambaliya!" Ga ruwa nan jawur, ɗauke da itatuwa da ganguna. Injiniya ya daka tsawa, "Kowa ya hau gidan!"

Muka haye muna ture juna. Kan idonmu ruwan ya kwantar da ɗakin ajiyarmu da aka gina da bulo, ya kwashe buhunan siminti. Ya iso inda muke. Na rufe ido ina salati, ina jiran gidan ya tafi da mu. Ko motsi bai yi ba! Ruwan ya ratsa tsakanin ginshiƙai ya wuce abinsa.

Injiniya ya kwanta rub da ciki yana leƙa ƙasa, gilashinsa na neman faɗuwa, yana ihu kamar yaro: "Ku duba! Bai samu abin da zai tura ba!" Muka ɓarke da kabbara, wani ɗan Pakistan ya rungume ni har muka faɗi.

Na dawo gida na yi shekaru ina gini. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ƙarfin bango ba ya hana ruwa. Tun daga nan ban sake haƙa harsashi ba sai na tambayi tsofaffin unguwa ta inda ruwa ke bi, na bar masa hanyarsa.