Ɗanjuma a Gida, Jum'a a Kati

"To, Baffa, me aka rubuta a katinka?"

"Jum'a. Amma kaf ƙauyen nan namu na Hajj Abdalla da Ɗanjuma aka san ni, 'yar nan."

Matar tana tsugune a bakin gona, rajista a cinya, gefen lafayarta duk taɓo. Da gani ita ce sakatariyar reshen jam'iyya na ƙauyen. Ofishin gunduma ya dawo da jerin mambobi, wai sunayen gida sun saɓa da na katin shaida. In ba a gyara kafin Alhamis ba, ƙauyen ba shi da wakili a babban taron da za a yi a birnin Wad Madani.

Ta soke, ta sake rubutawa.

"Saura arba'in. Ina gonar Iya Raihana?"

"Tsallaken ruwa. Ita ma Tasnim ce a kati."

Ta tuɓe takalmi, ta ɗora rajistar a ka, ta shiga ruwan.